Kwana uku a tanti cikin karkara: yadda ake yada zango ba tare da an ɓata wuri ba

Tambaya: Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu. Muna so mu je karkara mu kwana uku a tanti, babu lantarki, babu famfo, babu kayan ƙawa. Amma ba ma son mu bar wa mutane wuri a lalace. Me za mu ɗauka, ina ya dace mu kafa tanti, kuma yaya ake yi da ruwa, wuta da bayan gida?

Amsa:

Malam, kwana uku daidai ne, ya isa a ji daɗi kafin yara su ƙosa. Zaɓen kaya kuwa ba zai ba ka wahala ba. Wurin zango yana lalacewa ne ta hanyoyi huɗu: inda aka kafa tanti, inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, inda aka kewaya, da inda aka hura wuta. A kan waɗannan za mu fi tsayawa.

Da farko dai, filin na wane ne? Duk yadda wuri ya yi kama da wanda ba shi da mai shi, akwai mai noma shi, ko mai kiwo a ciki, ko hukumar da ke tsaronsa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Norwe, wata doka ta 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a filin da ba a nomawa, muddin ya ba gidan da mutane ke ciki tazarar mita 150, kuma bai wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba sai da izini. Sikotilan ma ta buɗe wa masu tanti hanya da dokarta ta 2003. A yawancin wurare kuwa sai da yardar mai fili, gandun dajin da ke hannun hukuma kuma yana da nasa ƙa'idoji. In ka je neman izini ka yi tambaya uku: ina ruwa, an yarda a hura wuta, kuma ta ina dabbobi ke bi safe da yamma? Mai wurin ya san inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, abin da taswira ba za ta gaya maka ba. Ƙofar shinge da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta a buɗe. Sannan ka bar wa wani a gida sunan wurin da ranar dawowarku.

Abu biyu kuma suna faruwa tun kafin a bar gida. Man da mota za ta ƙona a tafiya mai nisa yakan fi duk abin da za ku ƙona a zangon, don haka wurin da ke kusa ya fi. Na biyu, kada a ruɗe ka da kayan da aka rubuta wa "mai kare muhalli" a jiki. Tantin aro, ko na hannu da aka ɗinke, ya fi sabon da za a yi amfani da shi sau ɗaya a jefa a ɗakin ajiya.

Ku isa wurin da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta. A cikin duhu ake kafa tanti a kan gidan tururuwa.

Ga wani abu da mutane da yawa ke fahimta a baibai. Ƙasa da ciyawa ba a hankali suke lalacewa ba, a kwanakin farko ake yin mafi yawan ɓarnar. Wurin da aka riga aka tattake, ƙasarsa ta daddale, ko kun ƙara masa kwana uku ba abin da zai ragu a jikinsa. Sabon wuri mai ɗanyar ciyawa kuwa kwana kaɗan ya isa ya bar masa tabo, tabon kuma shi ke kiran na baya su zo su sauka a nan, har ya zama fili. Saboda haka in akwai inda aka saba sauka, ku sauka a tsakiyarsa, kada ku matsa gefe neman inda ya fi kyan gani, don haka fili ke faɗaɗa. In babu, sai a juya dabarar: ku nemi yashi, tsakuwa, fa, ko busasshiyar gajerar ciyawa, ku ɗaga tantin zuwa wani gefe bayan kwana biyu kafin ciyawar ƙarƙashinsa ta yi ɗorawa, kuma kada ku riƙa bin sawu ɗaya zuwa ruwa har ya zama turba. Wurin girki ya fi ko'ina shan tattaka, shi za a fara nema wa ƙasa mai tauri.

Tsakaninku da rafi ko tafki a samu mita 60, wato kusan taku 70 na babban mutum. Bakin ruwa yana da jan hankali, amma nan ne sauro, nan ne raɓa da sanyin asuba ke taruwa, gaɓar kuma ba ta jure tattaka. Dabbobin da ke zuwa sha da dare ma in suka ji motsinku za su kwana da ƙishirwa. Busasshiyar ƙorama kuwa, duk laushin yashinta, kada a kwana a ciki ko da sama garau take. Ruwan da aka yi a tudu mai nisa yana iya gangarowa cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba.

In ka ga wurin da ya yi maka, ɗaga kai ka duba sama: busasshen reshe yana faɗowa ko babu iska mai ƙarfi. Bishiya ɗaya tilo a fili ko kan tudu ma a guje ta saboda aradu. Sai ka duba ƙasa: ramuka, suri, layin tururuwa, kashin dabbobi da ke nuna hanyarsu ce. Ka shimfiɗa tampol ka kwanta a kai na minti ɗaya kafin ka buga turke ko ɗaya, bayanka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. In akwai ɗan gangare, kai ya kasance a sama. Ɗan tudu ya fi kwari, don ruwa zai bi ta gefe ya wuce, ba sai an haƙa wa tanti lambatu ba. Wannan lambatun tsohuwar dabara ce da ke yanke saiwoyi ta kuma buɗe wa zaizaya hanya, a daina ta. Dutse ko icen da kuka kawar, ku ajiye shi kusa don ku mayar.

Tanti na mutum huɗu yana nufin mutum huɗu a jere ba jaka ko ɗaya, don haka ku nemi na biyar ko shida. Mai rufi biyu ya fi: na ciki mai shan iska, na waje mai tare ruwa. A jikinsa akan rubuta ƙarfin tare ruwa da milimita, 2000 ya isa rufi, ƙasan kuma 3000 ko fiye. Ku kafa shi a gida tukuna, ku watsa masa ruwa, don a ɗinki yake fara yoyo. Tampol ɗin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa kada ya leƙo waje, a naɗe gefensa ya shige da kamar santimita 5. In ya leƙo, ruwan da ke zubowa daga rufi zai sauka a kansa ya bi ya taru daidai ƙarƙashin masu barci. Turaku a karkace ake buga su, kan turken yana kallon nesa da tanti. A yashi turke ba ya riƙo, sai a ɗaura igiya a tsakiyar guntun ice a binne shi a kwance, zurfin santimita 20 zuwa 30. Bayan tanti ya fuskanci iska, ƙofa ta ba ta baya.

Sau da yawa mutum zai farka ya ga cikin tanti a jiƙe ya ce yoyo ne, alhali numfashinsu ne. Mutum huɗu suna fitar da danshi mai yawa cikin dare, in ya taɓa rufi mai sanyi ya koma ruwa. Maganinsa a bar kafofin iska a buɗe ko ana sanyi, a ja igiyoyin rufin waje sosai don kada ya taɓa na ciki, jiƙaƙƙen kaya kuma su kwana a waje. Sanyin da ke hana barci ma daga ƙasa yake shiga, ba daga sama ba, don haka siririyar katifar soso a ƙarƙashin kowa ta fi ƙarin bargo amfani. Ku haɗa da tampol na biyu mai mita 3 a kan 3 da igiya kamar mita 20, don inuwa da wurin girki in ana ruwa. In za a ɗaura a bishiya, a sa tsumma ko maɗauri mai faɗi tsakanin igiya da ɓawo. Ƙusa ko waya ba sa taɓa bishiya.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi. Ku yi lissafin lita 6 ga kowane mutum a rana, sha da girki da wanke hannu da kwanuka, ban da wanka. Mutum huɗu kwana uku lita 72 ke nan, kilo 72, kusan jarka uku masu lita 25. A lokacin zafi ku ƙara. In mota tana kaiwa wurin, ku zo da shi daga gida ku huta. In ba ta kaiwa, dole a sha na wurin, kuma duk yadda ya yi garau ba a shansa haka.

A ɗebi mai gudu, daga sama da inda dabbobi ke sha. In yana da laka a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas: ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko minti 3 in kuna kan tsaunin da ya haura mita 2000. Bilic na wanki marar turare, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ɗigo biyu ake sa wa lita ɗaya a jira minti 30, a ninka in ruwan bai washe ba. Ka duba jikin robar, in ƙarfinsa bai kai haka ba gara ƙwayar kulorin da aka yi don ruwan sha, a bi abin da aka rubuta a kwalinta. Sai dai kulorin ba ya iya wa wata ƙwayar cuta mai kawo gudawa, kiriftosforidiyom, wadda ke yawan fitowa daga kashin dabbobi. Matatar ruwa ta matafiya, mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, faɗin maikiron 0.1 zuwa 0.2, tana tare ta da bakteriya, amma bairos yana wucewa, shi ya sa ake haɗa matata da kulorin. Akwai kuma hanyar rana: a cika robar ruwa marar launi da ake ganin cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana biyu in akwai gajimare. Duk waɗannan ba sa cire taki ko maganin feshi da ya gangaro daga gona, kuma ruwan da ya yi koren gansakuka a sama tafasawa ba ta kashe gubarsa. Irin waɗannan a bar su kawai.

Ba a wanke komai a cikin rafi, ko kwano ko jiki. A ɗebo ruwa a bokiti a yi nisan mita 60 ɗin nan. Sabulun da aka ce yana ruɓewa da kansa, a cikin ƙasa yake ruɓewa inda ƙananan halittu ke cinye shi, a cikin ruwa kuwa yana cutar da kifi da ƙwari kamar kowane sabulu. A kankare kwano tas kafin ya taɓa ruwa, a wanke da ruwan zafi da ɗigon sabulu kaɗan. Baƙin tukunya yashi ko toka ke fitar da shi. Ruwan wanke-wanke a tace shi da ƙyalle ko ƙaramar rariya, guntayen abinci su tafi jakar shara, ruwan kuma a watsa shi da faɗi. In aka riƙa zuba shi a rami ɗaya, kwana biyu ya isa ya fara wari ya tara ƙuda. Haka kumfar man goge baki, a fesa ta nesa da tanti.

Bayan gida shi ne abin da kowa ke jin nauyin tambaya, kuma shi ya fi komai ɓata wuraren zango. Ƙaramin shebur na hannu ya zama cikin kayan da ba a mantawa. A yi nisan mita 60 daga ruwa, daga hanya, daga wurin girki, a inda ruwan sama ba zai wanke zuwa rafi ba. A yanke saman ƙasar da ciyawarta a ajiye gefe, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, faɗi kamar 10 zuwa 15. Wannan zurfin ba a banza aka zaɓe shi ba. Baƙar ƙasar sama ita ke ɗauke da halittun da ke ruɓar da ƙazanta. In rami bai kai haka ba dabba za ta tone, ƙuda kuma su samu hanya, in ya zarce sosai ya shiga matacciyar ƙasa inda abu zai daɗe yadda yake. In an gama a zuba ƙasa kaɗan a juya da tsinke, tsinken ya bi ramin, a cike, a mayar da ciyawar. Shebur ƙasa kawai yake taɓawa. Ɗora dutse a kan ƙazanta ba binnewa ba ne, hana ta ruɓewa yake yi, wani kuma ya zo ya ɗaga.

Da yake akwai yara, kuma kwana uku ne a wuri ɗaya, aika kowa ya haƙa nasa ba zai yi ba. Ku haƙa dogon rami ɗaya, zurfin santimita 20 zuwa 30, faɗin shebur, tsawon mita ɗaya da ɗan wani abu, ku tara ƙasar a gefensa. A fara daga wannan kai, duk wanda ya gama ya rufe nasa da ƙasa, a yi ta matsawa. A kewaye shi da zane a kan sanduna, a kuma raka yara da dare. Inda ƙasa fa ce, ko ruwa na kusa da sama, ko hukuma ta hana haƙa, sai bokiti mai murfi da jaka mai kauri a ciki, da garin katako ana barbaɗa cikin hannu ɗaya bayan kowane amfani. Sirrin bokitin shi ne kada fitsari ya shiga, haɗuwarsu ce ke kawo wari. Ku tambayi inda aka yarda a zubar da shi tun kafin ku fara. Fitsari a yi shi a kan yashi ko dutse, don gishirinsa yana sa dabbobi su tone tsiro.

Takardar bayan gida fara marar turare za a iya binne kaɗan a ƙasan ramin, amma fita da ita a jaka ya fi, musamman a busasshiyar ƙasa inda ba ta ruɓewa. Kada a ƙona ta, takarda mai ci da wuta tana tashi da iska ta faɗa a busasshiyar ciyawa. Tishu mai danshi, ƙunzugun jarirai da audugar mata akwai roba a cikinsu, ba a binne su ko kaɗan. Mai amfani da ruwa ya huta da wannan duka, sai dai ya yi a kan ramin. A kusa da wurin a rataye ƙaramar jarka da aka huda kusa da bakinta, da sabulu a igiya, kowa ya wanke hannu na daƙiƙa 20. Ciwon cikin da ake ɗora wa ruwan rafi sau da yawa daga hannu ya fito.

Sai wuta. Don girki, ƙaramin rishon gas ya fi ta kowace fuska: ba ya barin tabo, ba ya cin icen wurin, ana kashe shi nan take. Mutum huɗu su riƙe ƙananan gwangwanayen gas biyu ko uku masu giram 230. Murfi a kan tukunya da kare iska suna rage cin gas sosai, amma in rishon irin wanda ake ɗaurawa a kan gwangwanin ne, kada a kewaye shi ruf da abin tare iska, gwangwanin zai ɗau zafi ya iya fashewa. Risho, gawayi, fitilar kananzir, kyandir, babu wanda ke shiga tanti. Ban da gobara, akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Garwashin da ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita, kuma ta kashe mutane da yawa a cikin barci bayan sun shigo da murhu don jin ɗumi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya a rufaffen wuri alamarta ce, a fita waje nan da nan.

In kuna son wutar ice don hira, kuma an yarda, kuma ba lokacin fari ko iska ba ne, to a yi ta ƙarama. In akwai tsohon wurin wuta a yi amfani da shi. In babu, kada a hura a kan ƙasa kai tsaye, zafi yana kashe duk abin da ke raye a cikinta ya bar baƙin tabo na shekaru, a ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi kuma wuta tana iya nutsawa ta yi ta ci a ɓoye ta ɓullo bayan kun tafi. A zo da tsohon faranti ko kaskon ƙarfe a ɗora a kan duwatsu uku, ko a shimfiɗa tsohon buhu a tara yashi a kai, kaurin santimita 10, a hura a samansa. Mita 3 kewaye da ita kada a samu busasshen ganye, sama kada a samu reshe, tanti kuma ya yi nisa ta inda iska ba za ta kai masa tartsatsi ba, don ɗigon wuta ɗaya yana huda shi. Dutsen da aka ɗauko daga cikin rafi ba a sa shi kusa da wuta, ruwan da ke cikinsa yana zama tururi ya fasa shi.

Icen da za a ƙona shi ne wanda ya mutu, ya faɗo da kansa, bai fi kaurin wuyan hannu ba, kuma yana karyuwa da hannu. Gatari da adda ba su da aiki a nan. Manyan gungume gidan ƙwari ne da ƙadangaru, su ke komawa taki, kuma ba sa cinyewa, sai a bar rabin gawayi a wurin. A tsinto daga nesa, kaɗan nan kaɗan can. Kada a yi jigilar ice daga wani yanki mai nisa: a Arewacin Amurka wani ƙwaro mai huda bishiya da aka gano a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma icen wuta na cikin abin da ya yaɗa shi. Katakon da aka yi wa fenti ko magani hayaƙinsa guba ne. A fara da busasshiyar ciyawa, sai ƙirare, sai masu kaurin yatsa. In za a yi gashi a jira garwashi, harshen wuta baƙi kawai yake yi wa tukunya.

Awa ɗaya kafin barci a daina ƙara ice, a bar ta ta cinye ta zama farar toka. A zuba ruwa, a juya, a sake zubawa har ƙarar ta daina, sannan a kai bayan hannu kusa. In akwai ɗumi ba ta mutu ba. Rufe ta da yashi kuskure ne babba, musamman da yara: yashi yana ɓoye garwashi ya riƙe zafinsa har wayewar gari, yaro ya taka da ƙafa ba takalmi. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi ake zubawa na minti 20, ba mai ba, ba man goge baki ba. Bokitin ruwa ya zauna kusa da wuta tun kafin a ƙyasta ashana.

Shara tun a gida ake rage ta. A juye abinci daga kwali da leda zuwa mazubai masu murfi. Abin da ke saurin lalacewa a ci shi ranar farko, sauran kwanakin busasshe da na gwangwani. Robobin ruwa da aka daskarar su ne ƙanƙararku, in sun narke a sha. A dafa abin da za a cinye, don dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje lafiya. Abinci ba ya kwana a tanti, ɓera yana huda tanti don ɗan gutsure, a sa shi a akwati mai murfi ko cikin mota. Inda akwai manyan namun daji a bi ƙa'idar masu kula da wurin. Duk abin da ya shigo da ku zai fita da ku, har ɓawon 'ya'yan itace, wanda kan yi watanni a fili bai ruɓe ba, yana kuma koya wa dabbobi zuwa wurin mutane. Ƙona shara ba mafita ba ce, roba hayaƙi mai guba take yi, gwangwani da takardar alminiyom ba sa ƙonewa. Binnewa ma dabba za ta tone. Leda kuwa in saniya ko akuya ta haɗiye ta tana toshe mata tumbi har ta mutu.

Haske ba ya buƙatar wani shiri: tocilar goshi ga kowa, fitila ɗaya mai caji, da fawa-bank mai 10,000 mAh, wanda zai cika waya kamar sau biyu. Fitilar a rataye ta nesa da ƙofar tanti don ƙwari su taru can, haske mai launin ja ko ɗorawa kuma bai kai fari jan su ba. Sifika a bar ta a gida, sauti yana tafiya nesa a karkara da dare.

In hadari ya taso, ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba ku shiga mota ku rufe, ko gini, don tanti ba ya kare kowa daga aradu, ku kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A kan tudu sanyi ya fi, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1000 da aka haura sama, rigar auduga kuma in ta jiƙe sanyi take ƙarawa. Kowa ya samu busassun kayan barci a cikin jaka da ruwa ba ya shiga. Zif ɗin tanti a rufe kullum, takalmi a kakkaɓe kafin a sa, ba a tafiya da dare ba tocila, ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In maciji ya yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti, wanda ya kamata ka san hanyarsa tun kafin ku sauka. Kaska kuma a duba jikin yara kowane dare, a kama ta da matsefata daf da fata a ja a miƙe.

Ranar da kuka iso, kafin a sauke kaya, ku ɗauki hoton wurin. Ranar tafiya da shi za ku gwada. A mayar da duwatsu da itatuwan da aka kawar, a watsa tokar da ta huce da faɗi, yashin wuta ya koma inda aka ɗebo shi, a cike dogon ramin a mayar masa da ciyawarsa. Ciyawar da tanti ya danne a tayar da ita da hannu. Sannan ku jeru ku huɗu ku bi wurin a hankali kuna kallon ƙasa, don ƙananan abubuwa ake bari: murfin roba, guntun igiya, turke, ƙarshen leda da aka yage. Yara sun fi manya gani a wannan aikin. A kankare laka da 'ya'yan ciyawa daga takalma da turaku a nan, kada a kai irin ciyawar wani yanki zuwa wani. Batir da gwangwanin gas ba sa shiga shara ta gama-gari, gwangwanin kuma sai an tabbatar ya ƙare tas kafin a kai shi wurin masu karɓar ƙarfe. In kun naɗe tanti da danshi, ku shanya shi ranar da kuka isa gida, don kwana kaɗan ya isa ya yi fumfuna, fumfuna kuma ita ke cinye abin da ke hana shi yoyo.